Aikatau Da Suna: Wasannin Zance A Kwamfutocin Gida Na Farko

Gabatarwa

Idan aka ambaci tsofaffin wasannin kwamfuta, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne ɗan jirgin nan mai harbin abokan gaba daga gindin allo, ko kuwa ɗan mutum mai gudu yana tsallake ramuka. Waɗannan lalle an yi su, an kuma yi yayinsu. Amma akwai wani nau'i da ya yi tashe tun daga wajen 1977 har zuwa tsakiyar shekarun 1980, wanda ba shi da hoto ko ɗaya, in ma akwai bai wuce ado ba. Na'ura ce za ta rubuta wa ɗan wasa bayanin wurin da yake da abubuwan da ke gabansa, shi kuma ya buga mata umarni, ta ba shi amsa, ya sake bugawa. Haka za a yi ta yi har ya kai ga gaci ko ya halaka. Watau wasan ɗungurungum zance ne. Tun da kuwa zance ne, dole masu shirya shi su koya wa na'ura nahawu, su kuma cusa nahawun cikin ɗan ƙanƙanen wuri. Wannan matsala ita ta sa wasannin suka cancanci ɗalibin harshe ya waiwaye su, domin tarihinsu, in aka duba da kyau, tarihi ne na yawan jimlar da na'ura za ta iya ɗauka. Da Turanci aka rubuta kusan duk waɗanda za a ambata. Misalan umarni da za a kawo kwatankwacinsu ne a Hausa.

Kogon Kentucky

Asalin abin ba a gida ya faro ba. Wani masanin kwamfuta ne mai suna Will Crowther, ma'aikaci a kamfanin Bolt Beranek and Newman na Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin ARPANET, watau kakar intanet. Ban da aikinsa, shi da matarsa Patricia masu sha'awar shiga koguna ne, sun kuma taimaka wajen zana taswirar kogon Mammoth na jihar Kentucky, wanda babu kogon da aka sani ya kai shi tsawo a duniya. Bayan aurensu ya mutu, sai Crowther ya zauna tsakanin 1975 da 1976 ya shirya wasa domin 'ya'yansa mata biyu, a kan wata babbar kwamfuta da ake kira PDP-10. Ya ɗauko wani sashe na kogon ya mai da shi ɗakuna-ɗakuna, kowane ɗaki da ɗan bayaninsa, sa'an nan ya zuba dukiya da maciji da 'yan tsirarun halittu irin na tatsuniya. A 1977 wani ɗalibi a Jami'ar Stanford, Don Woods, ya ci karo da wasan, ya nemi izinin mai shi, ya faɗaɗa shi. Wannan shi ne wasan da aka sani da Colossal Cave Adventure, wanda cikakken makinsa 350 ne.

Nahawun wannan wasa kalma biyu ce tak: aikatau da suna. ƊAUKI FITILA. BUƊE ƘOFA. SAKI TSUNTSU. Wani lokaci kalma ɗaya ta isa, kamar AREWA ko ƘASA. Ko a cikin kalmar ma, haruffa biyar na farko kaɗai na'urar ke dubawa, domin a PDP-10 haruffa biyar ne ke cika gurbin ajiya guda. Abin mamaki shi ne yadda wannan ƙuntataccen harshe ya isa a ƙulla wasa ƙwaƙwalwa mai daɗi. Alal misali, akwai maciji da ya tare hanya, kuma duk dabarar faɗa ba ta kau da shi. Can baya an wuce wani ɗan tsuntsu, wanda ba ya kamuwa muddin mutum na riƙe da wata sanda da ya tsinta, saboda tsoronta yake ji. Sai an ajiye sandar, an sa tsuntsu a keji, an kai shi gaban maciji an sake shi, sa'an nan ya kori macijin. Babu wanda zai faɗa wa ɗan wasa wannan. Daga amsoshin na'ura zai tsinto shi, kamar yadda mai amsa kacici-kacici kan tsinto amsa daga cikin lafazin tambaya.

Akwai kuma wani wuri da ya fi wannan jan hankalin mai nazarin ma'ana. Idan ɗan wasa ya ce a kashe dodon da ke kwance a kan darduma, sai na'ura ta tambaye shi, cikin gatse, ko da hannu kawai yake nufin ya yi. Wasan ya riga ya saba yi masa irin wannan gatse, saboda haka yawancin mutane sukan ɗauka an hana su ne, su juya su tafi neman makami. Ashe amsar ita ce a ce I. Wanda ya ɗauki gatse a matsayin tambaya ta gaskiya, shi ke kashe dodo. Wannan ba gwajin saurin hannu ba ne. Gwaji ne na bambanci tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka nufa.

Daga Jami'a Zuwa Gida

A shekarar 1977 ɗin dai aka fitar da kwamfutoci uku da mutum zai iya saya ya ajiye a gidansa: Apple II, da Commodore PET, da TRS-80. Bambancinsu da na'urorin jami'a kamar bambancin rumbu da ƙoƙo ne. Ana auna ma'adanar kwamfuta da bait, kuma bait ɗaya harafi ɗaya yake ɗauka; kilobait kuwa bait 1,024 ne. TRS-80 mai kilobait 16 ke nan ba ta riƙe abin da ya fi haruffa dubu goma sha shida da 'yan kai ba, watau kaɗan ta ɗara wannan maƙala. A cikin wannan ɗan wuri ake so bayanin ɗakuna, da jerin kalmomi, da dokokin wasa, da sashen da ke li'irabin umarni duk su zauna.

Mutumin da ya fara cin wannan gari shi ne Scott Adams na jihar Florida, wanda ya fitar da Adventureland a 1978, wasan neman dukiyoyi 13. Dabararsa ita ce datsewa. Ya mai da bayanin kowane wuri jimla ɗaya ko biyu, ya rage haruffan da na'ura ke dubawa daga biyar zuwa uku. Ya kuma raba aikin gida biyu: sashen li'irabi daban, labari daban, ta yadda zai iya sauya labari ba tare da ya taɓa nahawu ba. Da haka ya yi ta fitar da wasanni bi-da-bi a ƙarƙashin kamfaninsa, Adventure International. Gaskiya rubutunsa ba shi da armashi, kamar saƙon waya ne na da, wanda ake biya bisa yawan kalmomi. Amma shi ya nuna cewa abin zai yiwu, kuma akwai masu saye.

Zork Da Cikakkiyar Jimla

A daidai wannan lokaci wasu mutum huɗu a cibiyar MIT, watau Tim Anderson da Marc Blank da Bruce Daniels da Dave Lebling, sun buga wasan Crowther da Woods har ƙarshe, suka ga za su iya yin wanda ya fi shi. Suka soma Zork a 1977, kuma inda suka fi zuba ƙarfinsu shi ne nahawu. Na'urarsu ta san sifa, saboda haka tana bambanta jan maɓalli da shuɗi. Ta san jimla mai ɗauke da suna biyu, kamar SA ZANE A CIKIN AKWATI ko SARI ƁARAWO DA TAKOBI. Tana karɓar mahaɗi, tana karɓar togaciya irin ta ƊAUKI KOME BAN DA WUƘA. Idan umarni ya zo da harshen damo, ba ta yin shiru ko ta ƙi. Sai ta tambaya wanne ake nufi. Wannan tambaya, ko da yake ƙarama ce, ita ta mai da abin ya yi kama da hira.

Sai dai Zork na asali ya fi ƙarfin kowace kwamfutar gida nesa ba kusa ba. Da wasu daga cikinsu suka kafa kamfanin Infocom a 1979, sai suka yi dabaru uku. Suka raba wasan kashi uku, na farko ya fito a 1980. Suka matse rubutu, ta yadda haruffa uku ke shiga bait biyu. Sa'an nan suka ƙirƙiro wata na'ura ta ƙage wadda babu ita a zahiri, suka rubuta wasanninsu dominta. Kowace irin kwamfuta sai a yi mata ɗan tafinta da zai sa ta kwaikwayi waccan na'ura. Da zarar an gama labari ke nan, ya hau Apple II, ya hau TRS-80, ya hau duk wadda ta biyo baya. Kuma da yake a kan faifai suke sayarwa, ba lalle ne wasan duka ya shiga ma'adana a lokaci guda ba. Ana ɗebo shi kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Zork na ɗaya ya sayu fiye da kwafi 300,000.

Da nahawu ya faɗaɗa, sai labari ma ya samu wurin miƙe ƙafa. Deadline na 1982 labarin binciken kisan kai ne, inda ɗan wasa ke yi wa mutanen gida tambayoyi, suna amsawa, wasu suna ƙarya, agogo kuma na tafiya. A cikin kwalinsa har da rahoton 'yan sanda da ƙwayoyin magani na ƙarya a 'yar leda. Bayanan da babu wurinsu a faifai ne aka buga a takarda, abin da kuma ya dagula wa masu kwafar wasa lissafi. A Planetfall na 1983, wanda Steve Meretzky ya rubuta, akwai wani mutum-mutumi mai suna Floyd, mai halin yara, da ke bin ɗan wasa ko'ina yana surutu. Can kusa da ƙarshe sai ya shiga wani ɗaki mai haɗari domin ya ɗauko abin da ake bukata, ya fito da raunin da ya yi ajalinsa. Mutuwar Floyd na cikin abubuwan da aka fi tunawa a tarihin wasannin kwamfuta, alhali kuwa babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa a allo. A 1984 marubuci Douglas Adams da kansa ya haɗa hannu da Meretzky suka mai da shahararren littafinsa na barkwanci wasa.

Kaset A Ingila

A Ingila al'amarin ya bi wata hanya, kuma kuɗi ne ya jawo. Na'urar karanta faifai ta yi wa yawancin gidaje tsada. Abin da ya wadata shi ne ZX Spectrum ta Clive Sinclair, wadda ta fito a 1982, fam 125 mai kilobait 16, fam 175 mai kilobait 48. A jikin talabijin na gida ake jona ta, wasa kuwa a kaset yake zuwa, irin kaset ɗin da ake sauraron waƙa da shi. A sa shi a rakoda, a daidaita ƙarar murya, a zauna ana jin wani irin kuka kamar na gyare har wajen minti biyar. In aka yi rashin sa'a ya katse a tsakiya, sai a mai da kaset baya a sake. Tun da ba a iya komawa kaset a ɗebo ƙari ana cikin wasa, dole kome ya shiga ma'adana gaba ɗaya. Shi ya sa gwanintar masu shirya wasa na Ingila, irin su 'yan'uwan nan Austin na kamfanin Level 9, ta fi karkata ga matse rubutu. Su ne suka cusa kogon Crowther da Woods cikin kilobait 32, har da ƙarin ɗakuna.

Amma wasan da ya fi tashe a kan Spectrum daga Ostireliya ya zo. The Hobbit na 1982, wanda aka gina a kan littafin Tolkien, ɗalibai biyu ne na Jami'ar Melbourne suka shirya shi, Veronika Megler da Philip Mitchell, aka kuma riƙa sayar da shi haɗe da littafin. Sashen li'irabinsa yana karɓar bayanau, watau ana iya cewa a yi abu a hankali ko da ƙarfi. Muhimmin abin da ya kawo shi ne magana a cikin magana: ɗan wasa na iya umartar wani ɗan cikin labari ya aikata abu. Akwai kurkuku mai taga da ta fi ƙarfin tsawon jarumin, kuma mafita ita ce ya roƙi Thorin ko Gandalf su ɗauke shi su fitar. Sai dai Megler ta ba kowane ɗan cikin labari nasa halin da 'yancin yawo, saboda haka wanda aka roƙa yana iya ƙi, ko a tarar ya yi gaba abinsa. Har yakan faru maharbin da zai kashe dodo a ƙarshe ya gamu da ajalinsa a wani lungu tun ba a iso gare shi ba, wasan ya zama ba shi ciwuwa, ɗan wasa bai ma sani ba. Ta fuskar tsari wannan aibi ne babba. Amma shi ya sa babu bugu biyu da ke zama iri ɗaya.

A 1983 Graeme Yeandle ya fitar da The Quill, manhajar da ke ba wanda bai iya lissafin kwamfuta ba damar shirya nasa wasan: ya rubuta ɗakuna, ya jera kalmomi, ya tsara sharuɗɗa. Ɗaruruwan wasanni suka fito daga ɗakunan kwanan 'yan makaranta, ana tallarsu a bayan mujallu, ana aikawa ta gidan waya.

Raunin Abin

Duk da wannan ci gaba, na'ura ba ta taɓa jin Turanci ba; jeri take dubawa. Sau da yawa ɗan wasa ya gano mafita sarai, amma ya rasa kalmar da mai wasa ya tanada. Ya ce a tura, a ƙi. Ya ce a ja, a ƙi. Ashe MATSAR ake jira. Wannan ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne, lalube ne cikin duhu, kuma shi ya fi kome korar mutane. Ga wanda Turanci ba harshensa ba ne kuwa, wahalar ninki biyu ce, shi ya sa a Sifen da Japan aka tashi aka shirya nasu da harsunansu.

Hoto ya soma shigowa tun 1980, sa'ad da Roberta da Ken Williams suka fitar da Mystery House a kan Apple II. A Japan, da aka mai da wasan Portopia na Yuji Horii kan na'urar Famicom a 1985, sai aka sauya buga umarni da zaɓe daga jeri, don na'urar ba ta da maɓallan rubutu. Maniac Mansion na 1987 ya jera aikatau a gindin allo, mutum ya nuna ɗaya, ya nuna abu a cikin hoto. Aikatau da suna suna nan, amma an ɗauke wa ɗan wasa nauyin nemo su, an kuma ɗauke masa 'yancin gwada abin da ba a jera ba. Infocom ta yi asara a wata manhajar kasuwanci, Activision ta saye ta a 1986, ta rufe ofishinta a 1989. Nau'in bai mutu ba, kasuwa ce ta bar shi: a 1993 Graham Nelson ya fitar da Inform, wadda ke ba kowa damar rubuta wasa domin waccan na'ura ta ƙage, kuma a 1995 masu sha'awa suka soma gasar shekara-shekara.

Da A Ce Da Hausa Ne

Hanya mafi sauƙi ta gane cewa waɗannan dabaru a jikin Turanci aka ɗinka su ita ce a gwada su a kan Hausa. A ɗauki datsewar Scott Adams ta haruffa uku. Takobi da takarda da takalmi, waɗanda kowannensu na iya zama kayan tafiyar jarumi, duk sun zama TAK. Ƙofa da ƙofato sun haɗe. A ɓangaren aikatau, ɗauki da ɗauko da ɗaure duk ƊAU ne, saboda haka mai son ya ɗaure akuya sai ya ga ya saɓe ta a kafaɗa. In kuma aka koma haruffa biyar na Crowther, sai wata matsalar ta ɓullo. Aikatau na Turanci a umarni siga ɗaya gare shi, ko me ya biyo baya. Na Hausa kuwa, musamman giredi na biyu a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, ƙarshensa na sauyawa: ɗauki fitila, ɗauke ta, ɗauka. Dole a shigar da sigogin uku a jeri. Sa'an nan ɗauke na gaban wakilin suna a rubuce daidai yake da ɗauke na giredi na huɗu mai nufin kawarwa, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Sai na'ura ta dubi abin da ya biyo baya kafin ta yanke hukunci, wanda ko shi ba kullum zai raba gardama ba.

Ga kuma haruffa masu ƙugiya. Tsarin ASCII da kwamfutocin nan suka dogara a kai alamomi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. In aka yar da ƙugiya, baki da baƙi sun zama ɗaya, haka kafa da ƙafa. Spectrum dai ta bar gurabe 21 da mai ita zai zana alamomin da ya ga dama, don haka a nan akwai mafita, ko da yake bugawa za ta yi nauyi.

Amma ba ko'ina Hausa ke zama kaya ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka wahalar da masu li'irabin Turanci shi ne wakilin suna, domin kalma ɗaya ce ke wakiltar duk wani abu marar rai, sai na'ura ta yi ta cankar wanne ake nufi. Bahaushe kuwa ya riga ya raba: in akwai fitila da takobi a ɗaki, ƊAUKE TA fitila ce, ƊAUKE SHI takobi ne, abin da ake bukata kawai a rubuta jinsin kowane suna a gefensa. Giredin aikatau ma tanadi ne: ƊAUKO, JAWO, TURO, FITO duk sun ƙunshi alkibla a cikin wasalin ƙarshe, inda Turanci sai ya ƙara kalma. Inda za a sha aiki na gaske shi ne aikatau masu faɗin ma'ana. KASHE DODO da KASHE FITILA da KASHE KUƊI aikatau ɗaya ne, ayyuka uku, kuma duka ukun suna faruwa a kogon Crowther da Woods, inda fitila ke cin batir, ga kuma wata na'urar sayar da batir a ɓoye cikin ɗakuna masu ruɗarwa. A nan tsarin duba aikatau a jeri ɗaya, suna a wani jeri, ba zai wadatar ba. Sai an rubuta wa kowane suna irin kisan da ya dace da shi, sa'an nan a dawo a yi wa ci da sha haka.